Wa ke jawo yaƙi, shugaba mai taurin kai ko shugaba rago?

A teburin wani mai shayi da ke bakin kasuwar Wunti a Bauchi akwai gardamar da ba ta mutuwa. Da zarar rediyo ya kawo labarin Sudan ko na Yukren, sai ta tashi. Mutum biyu ne ke riƙe da ita: wani tsohon soja da ya yi aikin kiyaye zaman lafiya a Laberiya, da wani malamin sakandare, sa'an ɗansa.

"Malam, ba a taɓa mai ƙarfi," in ji tsohon sojan. "Duk inda ka ga an yi yaƙi, to an ga lagon wani ne."

"Baba, ai masu ƙarfin ne ke kunna wutar," in ji malamin. "Rago ina ya ga zuciyar tura 'ya'yan mutane bakin daga?"

Mai shayi ba ya sa baki. Yana sheƙa shayinsa daga wannan kofi zuwa wancan, sai sun tashi biya ya tuna musu cewa burodi ya ƙara kuɗi.

Masana tarihi da na huldar ƙasashe ma sun daɗe suna wannan musu, kuma duk kakar zaɓe yakan dawo mana da wata riga: "ƙasar nan sai mai ƙarfi." Kafin a raba gardamar, sai an fara sanin me kowane ɓangare ke nufi da ƙarfi.

Kalma ɗaya, ma'ana uku

Akwai ƙarfin hali, wato shugaba mai tsayawa kan maganarsa, wanda barazana ba ta girgiza shi. Akwai ƙarfin kujera, inda mutum ɗaya ya kankane iko, babu majalisa ko kotu ko jarida da za ta taka masa burki. Wannan shi ake kira kama-karya. Sannan akwai ƙarfin hukuma: gwamnatin da ke iya karɓar haraji, ta biya soja albashi a kan kari, ta kai alƙali da ɗan sanda har ƙauyen da mota ba ta shiga da damina.

Waɗannan ukun ba dole ne su haɗu wuri ɗaya ba, kuma nan ruɗanin yake. Mobutu ya riƙe Zayar, wato Kongo ta Kinshasa a yau, daga 1965 zuwa 1997, ba mai ɗaga masa yatsa. Amma sojojinsa da ba a biya ba su ne suka wawashe Kinshasa a 1991, kuma da 'yan tawayen Laurent Kabila suka taso daga gabas a ƙarshen 1996, cikin wata bakwai suka ratsa ƙasar har fadarsa. Kujera da ƙarfi, hukuma holoƙo.

Shi ma yaƙin iri biyu ne. Akwai wanda ƙasa ke tsallaka iyaka ta afka wa wata, akwai kuma basasa, inda 'yan ƙasa ɗaya ke kashe juna. Tsohon sojan da malamin sau da yawa kowa nasa yaƙin yake nufi, shi ya sa suke kwana a kan magana ɗaya.

Hujjar masu zargin mai ƙarfi

Waɗannan ba sa wahalar neman misali. Hitila ya afka wa Polan ranar 1 ga Satumba 1939. Saddam Husaini ya shiga Iran a Satumban 1980, yaƙin da ya ɗauka na ɗan lokaci ne ya ci shekara takwas, bai gama jinyar wannan ba ya mamaye Kuwait ranar 2 ga Agusta 1990. Putin ya tura runduna Yukren ranar 24 ga Fabrairu 2022.

Abin da ke ba hujjar nauyi shi ne yadda fadar irin waɗannan shugabanni ke aiki. Wanda ya tattare iko duka yakan wayi gari babu mai gaya masa gaskiya. A Yulin 1979, kwanaki kaɗan bayan hawansa, Saddam ya tara manyan jam'iyyarsa a zaure ɗaya, aka riƙa kiran sunaye ana fita da masu su, daga baya aka kashe da dama. Janar ɗin da ya ga wannan, ranar da aka tambaye shi ko soja za su iya da Iran, amsarsa ɗaya ce: "Za su iya, ranka ya daɗe." Kwana uku kafin shiga Yukren, duniya ta kalli taron majalisar tsaron Rasha a talabijin, inda shugaban leƙen asirin ƙasashen waje, Sergei Naryshkin, ya riƙa in-ina, Putin na matsa masa ya fito fili ya faɗi abin da ake so ya faɗa. Fadar da ta cika da 'yan amshin shata tana raina abokin gaba, tana kuma kambama ƙarfin kanta. Ga shi in an sha kashi babu akwatin zaɓen da zai hukunta mai gidan.

Sai dai hujjar tana da ɓaraka. Janar Franco ya yi mulkin kama-karya a Sifen daga 1939 zuwa 1975, amma da Hitila ya neme shi ya shiga Yaƙin Duniya na Biyu sai ya zille. Amurka kuma, mai majalisa da kotu da jaridu, ta mamaye Iraki a Maris 2003 bisa zargin makaman ƙare-dangi da ba a taɓa samu ba, bayan Majalisar Dattawanta ta amince da ƙuri'a 77 a kan 23. Burki yana nan, masu taka shi ne suka ɗage ƙafa.

Hujjar masu zargin rago

Babban makaminsu shi ne birnin Munik, Satumban 1938. Firayim Ministan Birtaniya Neville Chamberlain da takwaransa na Faransa suka amince a yanka wa Hitila wani yanki na Cekoslobakiya don a zauna lafiya. Wata shida bayan nan ya haɗiye sauran ƙasar. Darasin da aka ɗauka shi ne, mai haɗama in ka ba shi hannu kafaɗa zai nema.

Misali na biyu shi ne 1914. Bayan kashe yariman Ostiriya a Sarayebo ranar 28 ga Yuni, sarakunan da ke riƙe da Turai ba su nuna wani ƙarfin hali ba. Sarkin Jamus Wilhelm na Biyu ya ba Ostiriya tabbacin goyon baya ba tare da sharaɗi ba, ya hau jirgin ruwa ya tafi hutu gaɓar Norwe. Sarkin Rasha Nicholas na Biyu ya ba da umarnin shirya runduna duka, ya janye, washegari janar-janar da ministansa suka matsa masa ya sake sa hannu. Ba wanda ya iya kallon hafsoshinsa ya ce a dakata.

Amma inda wannan hujja ta fi kama ƙasa shi ne basasa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Somaliya bayan faɗuwar Siad Barre a Janairun 1991, Libiya bayan kashe Gaddafi a Oktoban 2011, da arewacin Mali, inda makamai da mayaƙan da suka kwararo daga Libiya suka tayar da tawaye a farkon 2012, duk wuraren da hukuma ta yi sanyi ne masu bindiga suka cike gurbi.

Ita ma tana da nata ramin. Darasin Munik ya sha kai shugabanni su baro. A 1956 Firayim Ministan Birtaniya Anthony Eden ya kalli shugaban Masar Gamal Abdel Nasser a matsayin wani sabon ɗan kama-karya da bai kamata a lallaɓa ba, ya haɗa kai da Faransa da Isra'ila aka afka wa Masar saboda mashigin Suwez. Aka janye da kunya, shi kuma ya sauka a Janairun 1957. Sannan a tambaya: wa ya rusa hukuma a Somaliya da Libiya? Masu ƙarfin ne da kansu, waɗanda suka shekara da shekaru suna hana kowace cibiya tsayawa da ƙafarta don kada ta zame musu kishiya.

Zaki a fili, tsoro a ciki

Idan aka jera misalan kusa da juna, wani irin shugaba ne ke yawan fitowa, kuma bai zauna daidai a ɗayan ɓangarorin biyu ba: wanda babu mai ce masa a'a, amma ba ya barci saboda tsoron abin da zai same shi ranar da kujera ta suɓuce. Masu nazarin yadda shugabanni ke barin mulki sun lura cewa wanda ke sa ran komawa gida ya huta ba ya son caca da yaƙi. Wanda ke hangen kurkuku ko kabari kuwa, caca ba ta yi masa tsada.

Ajantina a 1982 ta nuna haka ƙarara. Gwamnatin sojan Janar Galtieri na fama da hauhawar farashi da fushin jama'a. Ranar 30 ga Maris aka yi babbar zanga-zanga a Buenos Aires, 'yan sanda suka tarwatsa ta. Ranar 2 ga Afrilu sojoji suka sauka a tsibiran Falkland da ke hannun Birtaniya, sai ga dandalin da aka yi ihun tsine wa gwamnati ya cika da masu yi mata tafi. Ranar 14 ga Yuni sojojin Galtieri suka miƙa wuya. Sojojin Ajantina 649 da na Birtaniya 255 suka mutu, Galtieri ya rasa kujerar cikin 'yan kwanaki. Mai ƙarfi ne ya fara wannan yaƙi ko rago? Kowanne ka ce, ka faɗi rabin gaskiya.

Idi Amin ma haka. Barikokinsa na cikin rikici da bore lokacin da sojojin Yuganda suka tsallaka yankin Kagera na Tanzaniya a Oktoban 1978. Shugaban Tanzaniya Nyerere, malamin makaranta da Amin ya sha yi wa ba'a, ya mayar da martani har Kampala ta faɗi a Afrilun 1979. Amin ya ƙare rayuwarsa a Jidda.

Na Sudan ya fi kusa da mu, domin kusan kowane gari a nan akwai wanda ɗansa ya yi karatu a Khartum ko kakansa ya bi ta can zuwa Makka. Umar al-Bashir ya yi shekara 30 yana mulki, kuma saboda bai yarda da sojojinsa ba, a 2013 ya mayar da mayaƙan Janjawid runduna ta daban, RSF, ƙarƙashin Hemedti. Ya faɗi a Afrilun 2019 ya bar ƙasa ɗaya da runduna biyu. Janar Burhan, shugaban soja, da Hemedti suka haɗa kai suka ture gwamnatin farar hula a Oktoban 2021, sannan suka saɓa kan yadda za a narkar da RSF cikin soja: soja na cewa shekara biyu, RSF na cewa goma. Ranar 15 ga Afrilu 2023 bindiga ta karɓi maganar.

Wannan saɓani na shekara biyu da goma yana nuna wani abu da ya wuce halin mutum. Duk wanda ya fara ajiye makami ba shi da tabbacin ɗayan zai cika alkawari, kuma babu wani na uku mai ikon tilasta musu. Da za a canja mutanen biyu a bar tsarin yadda yake, da wuya tsoron ya canja. Shi ya sa wasu masana ke ganin zancen halin shugaba saman ruwa ne kawai.

Abin da tarihinmu ya nuna

Masu wannan ra'ayi na uku suna da misali a ƙasar Gombe. Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya bai cika wata shida a kan gado ba Turawa suka ci Sakkwato a Maris 1903. Ya yi hijira gabas da jama'a mai yawa, aka tarar da shi a Bormi, kusa da Bajoga, ya yi shahada ranar 27 ga Yuli 1903. Lugard ya riga ya ƙudura, kuma yana da bindiga mai ruwa. Ko wane irin hali ne da wanda ke kan gadon, yaƙin daga waje ya zo.

Shekara goma kafin nan kuwa hali ya yi aiki. Da Sarkin Kano Bello ya rasu a 1893, Sarkin Musulmi Abdurrahman, wanda ake wa laƙabi da Ɗanyen Kasko, ya dage a naɗa Tukur, alhali rinjayen masu faɗa-a-ji na tare da Yusufu. Yusufawa suka fita suka yi sansani a Takai, aka shiga Basasa. Da Sarkin Musulmi ya nemi sarakuna su kai wa Tukur ɗauki, da yawa suka yi nauyin jiki. Aliyu Babba, wanda ya jagoranci Yusufawa bayan rasuwar Yusufu, ya shiga Kano a 1894, aka kashe Tukur a 1895. Umarni mai zafi daga wanda ba shi da rundunar tabbatar da shi, taurin kai da rauni a jiki ɗaya.

A 1967 ma ba a rasa wannan ba. Gowon ya karɓi mulki yana da shekara 31, Ojukwu bai yarda da shi a matsayin shugaba ba tun da akwai waɗanda suka girme shi a aikin soja, ga jinin da aka zubar a 1966 bai bushe ba. An zauna a Aburi a Janairu, kowa ya dawo da tasa fassarar. Ranar 27 ga Mayu aka ƙirƙiri jihohi 12, ranar 30 aka ayyana Biyafara. Abin da Legas ta kira ɗan aikin 'yan sanda ya ɗauki wata 30.

Mutanen Bauchi ba sa buƙatar a tuna musu 26 ga Yuli 2009, ranar da mabiyan Muhammad Yusuf suka kai hari ofishin 'yan sanda na Dutsen Tanshi, wutar ta bazu zuwa Maiduguri da Potiskum da Wudil. Har yau ana ja a kan wannan. Wasu na cewa sakaci ne, an daɗe ana kai rahoto ba a ɗauki mataki ba. Wasu na cewa ƙarfin ne ya yi yawa, musamman kashe Yusuf a hannun 'yan sanda ranar 30 ga Yuli ba tare da shari'a ba. Maganganun biyu ba sa karo: hukuma ɗaya ce ta makara, da ta tashi kuma ta wuce gona da iri. Ranar 7 ga Satumba 2010 aka fasa gidan yarin Bauchi, fursunoni sama da 700 suka tsere.

Yaƙoƙin da ba a yi ba

Tarihi ya fi riƙe yaƙin da aka gwabza, amma wanda aka kauce wa ya fi koyar da abu a kan wannan tambaya. A Oktoban 1962, da aka gano makamai masu linzami na Tarayyar Sobiyet a Kiyuba, hafsoshin Amurka sun so a kai hari. Shugaban Amurka Kenedi ya ƙi, ya zaɓi datse teku, a asirce kuma ya yarda zai kwashe makaman Amurka daga Turkiyya. Shugaban Sobiyet Khrushchev ya janye nasa, kuma wannan janyewa na cikin laifukan da abokansa suka lissafa masa da suka tsige shi a 1964.

Bakassi ma haka. Kotun Duniya ta ba Kamaru yankin ranar 10 ga Oktoba 2002. Obasanjo, tsohon janar da ba a san shi da sanyi ba, ya sa hannu a yarjejeniyar Greentree a Yunin 2006, aka kammala miƙawa ranar 14 ga Agusta 2008 a zamanin 'Yar'Aduwa. An zarge su da sayar da ƙasa, kuma mazauna yankin da suka rasa matsuguni sun sha wahala ta gaske. Amma ba a yi yaƙi ba. Janyewa irin wannan sai shugaban da ke da tabbacin zagi ba zai kai shi ƙasa ba.

Na Nijar a idonmu aka yi. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ECOWAS ƙarƙashin Tinubu ta ba sojoji mako ɗaya su mayar da Bazoum, aka rufe iyaka, aka yanke wutar lantarki. Sai dai sashe na 5 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce shugaban ƙasa ba zai ayyana yaƙi da wata ƙasa ba sai majalisun tarayya biyu sun amince a zama na haɗin gwiwa, kuma ba a tura soja yaƙi waje sai da yardar Majalisar Dattawa, in ban da ƙaramin farmaki na gaggawa, wanda shi ma dole a nemi yardarta cikin kwana bakwai. Ranar 5 ga Agusta sanatoci suka ce a bi hanyar sulhu. Malamai ƙarƙashin Shaikh Bala Lau suka je Yamai suka gana da Janar Tchiani. Aka ɗage takunkumi a Fabrairun 2024. Masu ra'ayin tsohon soja na cewa an yi barazana an kasa cikawa, Bazoum bai koma ba, Nijar da Mali da Burkina Faso kuma sun fice daga ECOWAS. Masu ra'ayin malam na cewa jihohi bakwai ne ke iyaka da Nijar, biyu daga ciki, Jigawa da Yobe, maƙwabtan Bauchi ne, kuma ba a yi jana'izar kowa ba.

Yadda abin ke isowa gidan talaka

Yaƙin nesa ta kasuwa yake shigowa. Rasha da Yukren na cikin manyan masu fitar da alkama, Rasha kuma na sahun gaba wajen taki, don haka 2022 ta taɓa buhun fulawa da buhun NPK, daga gidan burodi har gonakin rani na Dadin Kowa. Ba duk tsadar ce ta yaƙi ba. Faɗuwar naira da cire tallafin mai a Mayun 2023 sun ɗora nasu, mai yiwuwa ma fiye. Yaƙin Sudan ya dawo da ɗalibai gida a Mayun 2023 bayan sun kwana da kwanaki a kan iyakar Masar, wasu karatun bai sake ɗoruwa ba.

Na kusa kuwa mutane yake kawowa. Waɗanda suka baro Barno da Yobe suka zauna a Gombe da Bauchi sun canja kuɗin haya da cunkoson aji da layin asibiti, da yawansu kuma ba su koma ba.

Akwai kuma abin da ke tafe a hankali. Inda hukuma ba ta kai ba, kamar ƙauyukan da ke bakin dazukan Alkaleri, mutane kan jingina da 'yan banga da mafarauta. 'Yan kato da gora sun taimaka wajen fatattakar Boko Haram daga cikin Maiduguri a 2013, Katsina ta kafa rundunarta ta sa-ido a 2023, Zamfara ta ƙaddamar da Askarawa a 2024, ana kuma ta muhawarar 'yan sandan jihohi. Ga manomin da ke son kwana a gidansa, waɗannan agaji ne. Abin da ba a cika tattaunawa ba shi ne wa ke biyansu ranar da gwamna ya sauka, umarnin wa suke bi ranar zaɓe, da kuma wa zai karɓi bindigogin in an gama.